TAKALMI DON ƘAFA A KE YINSA

Abin da na ke so mu duba a wannan fitowa abu ne da kowa ke sawa da safe ya tuɓe da dare, amma ba safai a ke tsayawa a yi tunani a kansa ba, watau takalmi. In mutum zai sayi riga ya kan gwada ta, ya ɗaga hannu ya ga ko ta kama shi a hammata. In kuwa takalmi ne, yawanci ƙyallinsa ya ke dubawa, in ya ji ya matse shi sai mai sayarwa ya ce, "Ai zai saki." Gaskiya ne ya kan saki kaɗan, amma sauran sakin ƙafa ce ke yinsa, ita ke lanƙwashewa a hankali har ta ɗauki siffarsa. Maganar da na ke tafe da ita guda ce: ƙafa ta riga takalmi zuwa, saboda haka shi ya kamata ya bi ta. In aka juya al'amarin, wahalar ba ta kan tsaya ga yatsu ba, sai ta hau har gwiwa da ƙugu.

Yadda ƙafa ta ke aiki

Kafin mu yi wa takalmi shari'a, ya kamata mu san wadda a ke yinsa dominta. Daga idon sawu zuwa kan yatsu, ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da tsoka da jijiyoyi fiye da 100. Ƙafa biyu ƙashi 52 ke nan, alhali jikin babban mutum duka 206 gare shi. Ashe rubu'in ƙasusuwan mutum a ƙafa su ke. Abin da aka yi wa gaɓoɓi haka da yawa, lalle an yi shi ne don ya motsa.

Ku lura da mai tafiya ba takalmi a kan rairayi. Dunduniya ce ke fara sauka, a ƙarƙashinta kuwa akwai wani matashi na kitse mai kauri wanda ke rage ƙarfin bugun ƙasa. Sa'an nan nauyi ya gangara ta gefen tafin ƙafa na waje, kwarin nan na tsakiyar tafi ya ɗan kwanta, yatsu su baje su kama ƙasa. Daga nan dunduniya ta tashi, babban yatsa ya lanƙwashe, ya tura jiki gaba.

A wannan turawa akwai hikima. Wata jijiya mai faɗi ta taso daga dunduniya ta shimfiɗu har gindin yatsu, ita da ƙasusuwan kwarin ƙafa kamar tsarkiya ce da baka. In babban yatsa ya lanƙwashe sama sai ya ja tsarkiyar nan ta ɗame, kwari ya ɗaga, ƙafar da ta sauka da laushi ta koma da ƙarfi kamar sanda, ta iya tura mutum. Wani likita a Ingila, J. H. Hicks, shi ya bayyana wannan a 1954. Kowa na iya gwadawa: ka zauna, ka kama babban yatsanka ka ja shi sama, za ka ji jijiyar ta ɗame a tafinka, ka kuma ga kwarin ya ƙara zurfi.

Aiki na uku shi ne ji. Tafin ƙafa cike ya ke da jijiyoyi masu kai labari ga ƙwaƙwalwa, ko ƙasa tana da santsi, ko tudu ne, ko tsakuwa, jiki kuwa ya gyara takunsa tun mutum bai ankara ba. To, ayyukan ƙafa ke nan uku: tarbar nauyi, turawa gaba, da jin ƙasa. Takalmi nagari shi ne wanda ya tsare ƙafa daga cuta, ya kuma bar ta ta yi waɗannan uku.

Inda aka fara sauka daga hanya

Takalman farko ba su nemi sāke ƙafa ba. A 1938 aka tono waɗansu na igiyar ɓawon itace a wani kogo a jihar Oregon ta Amurka, shekarunsu sun kai 9,000. A 2008 kuma aka sami wani na fata a ƙasar Armeniya mai shekara wajen 5,500. Duka shimfiɗaɗɗu ne masu laushi, ba tudu a dunduniya. Haka faɗe da dukawan ƙasarmu ke yi: fata ce faffaɗa wadda ta fi ƙafa faɗi, yatsu su baje yadda su ke so. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman birnin suna cikin hajjar da fatake ke kaiwa har Arewacin Afirka.

Tudun dunduniya kuwa asalinsa na mahaya ne. Barade a ƙasar Farisa su ke sa shi don ƙafa ta kama likkafa sa'ad da za su miƙe su yi harbi a kan doki. Bayan da jakadun Farisa suka tafi Turai a 1599, sarakuna da attajiran can suka ɗauke shi abin ado, daga baya ya koma ga mata. Watau an ɗauko kayan hawa an mai da shi kayan tafiya ƙasa. Shekaru masu yawa kuma masu yin takalma a Turai ba su bambanta dama da hagu, kowanne a kan ice guda mai tsinin baki a ke ɗinka shi. Wani malamin likitanci na ƙasar Holan, Petrus Camper, ya yi rubutu yana sukar wannan a 1781. A 1858 Hermann von Meyer na Zurich ya nuna cewa a lafiyayyar ƙafa, in aka ja layi daga tsakiyar dunduniya, zai bi ta tsakiyar babban yatsa ya fita, saboda haka gefen ciki na takalmi miƙe ya kamata ya zama. Har yau da yawa daga sau-cikin da ke kasuwa ba su bi wannan shawara ba.

Bakin takalmi

Wuri na farko da za a duba shi ne baki, inda yatsu ke zama. Ku dubi ƙafar jariri, za ku ga inda ta fi faɗi wajen yatsu ne. Ku dubi takalmin ado, za ku ga nan ne ya fi tsukewa. In an cusa mai faɗi cikin tsukakke kullum, babban yatsa sai ya karkata wajen 'yan'uwansa, gindinsa ya turo waje ya yi ƙulu mai zafi, ƙananan su tanƙware su hau juna, farce kuma wani lokaci ya shiga nama.

A 1905 wani likita a birnin St. Louis na Amurka, Phil Hoffmann, ya gwama ƙafafun mutanen da ba su taɓa sa takalmi ba da na masu sawa, ya tarar na farkon yatsunsu a baje su ke, babban yana miƙe. A 1958 likitoci biyu a Hong Kong, Sim-Fook da Hodgson, suka ƙidaya: cikin masu sa takalmi, wajen 33 cikin 100 babban yatsansu ya karkace, cikin marasa sawa kuwa wajen 2 cikin 100 kaɗai. Gado ma yana da hannu a wannan ciwo, domin ya kan bi dangi, amma tsukakken baki shi ke hanzarta shi ya kuma tsananta shi.

Abin bai tsaya ga muni ba. Mun riga mun ga babban yatsa shi ke jan tsarkiya. In ya karkace, turawarsa ta raunana, sai nauyi ya koma kan gindin ƙananan yatsu waɗanda ba a yi su don wannan kaya ba, mutum ya shiga sāke takunsa don gudun zafi. Tsofaffi masu irin wannan ƙafa sun fi saurin tuntuɓe da faɗuwa.

Tudun dunduniya

Wuri na biyu dunduniya. Ku ɗauki rumbu, ku sa dutse a ƙarƙashin gefensa guda, dole ya karkata. Mutum ba ya yarda ya karkata, sai ya gyara tsayuwa: nauyi ya zube kan gaban ƙafa, gwiwa ta ɗan lanƙwashe, taku ya gajarta, tsokar cinya da ta baya su ƙara aiki don riƙe jiki.

A 1998 wata likita a Jami'ar Harvard, Casey Kerrigan, ta auna mata 20 suna tafiya ba takalmi, sa'an nan da takalmi mai tudun kamar santimita 6. Ta sami ƙarfin da ke danne gefen ciki na gwiwa ya ƙaru da wajen kashi 23 cikin 100. Gefen nan na ciki kuwa nan ne guringuntsi ya fi cinyewa ga masu amosanin gwiwa. A 2001 ta sāke gwadawa da mai faffaɗar dunduniya, wanda mata ke jin ya fi daɗin taku, ta tarar shi ma bai sauƙaƙa wa gwiwa ba. Ashe tsawon ne abin dubawa, faɗi ba ya ceto. Wannan awo bai ce duk wadda ta sa kwas-kwas za ta yi amosani ba, domin ƙiba da shekaru da gado da tsohon targaɗe duk suna da nasu rabo. Abin da ya nuna shi ne an ƙara wa gaɓa kaya a kowane taku, taku kuwa dubbai ne a yini.

Akwai kuma sha'anin agara. A 2010 masana a Manchester suka duba matan da suka shekara biyu ko fiye suna sa mai tudun santimita 5 zuwa sama kusan kullum, suka ga zaren tsokar dambubunsu ya gajarta da wajen kashi 13 cikin 100, agararsu kuma ta ƙara tauri. Shi ya sa irin waɗannan mata in sun taka ƙasa ba takalmi su kan ji dambubu na ja. Kada maza su ce wannan ba tasu ba ce, gama sau-cikin ofis da yawancin takalman guje-guje su ma dunduniyarsu ta fi gabansu tudu, ko da ya ke ba kamar na mata ba.

Ƙasan takalmi

Wuri na uku shi ne ƙasa, inda a ke takawa. In yana da tauri kamar katako, babban yatsa ba ya samun lanƙwashewa, sai masu yinsa su ɗaga bakin sama don mutum ya mirgina a kai. Tafiya ta kan yi sauƙi haka, amma tsokar cikin ƙafa aikinta ya ragu, abin da ba ya aiki kuwa rauni ya ke yi, kamar hannun da ya daɗe a ɗaure bayan karaya.

In kuma yana da kauri da laushi kamar katifa, ji ne ke raguwa. A nan akwai abin mamaki. A 2019 Nicholas Holowka da Daniel Lieberman da abokan aikinsu suka auna ƙafafun mutane a Kenya da Amurka, suka tarar kantar da ke fitowa a tafin mai yawo ba takalmi tana tsare shi, amma ba ta rage masa jin ƙasa ba, domin tana da tauri, motsi na ratsa ta ya isa ga jijiya. Soson takalmi kuwa shanye motsin ya ke yi. Sun kuma ga soso na sassauta zafin bugun farko, amma bai rage jimlar abin da ke hawa ƙafa ba, har ma ya kan ƙara.

Game da gwiwa, likitoci a Chicago, Najia Shakoor da Joel Block, sun auna masu amosanin gwiwa a 2006, suka ga in suna tafiya ba takalmi nauyin da ke kan gwiwa ya kan ragu da wajen kashi 12 cikin 100. Jin haka mutum sai ya ce, to, mai amosani ya nemi shimfiɗaɗɗen takalmi mai laushi. Amma da aka gwada wannan a Melbourne ta Ostareliya, a kan mutum 164 masu amosani mai tsanani, wata shida, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna waɗanda aka ba takalmi mai ƙarfi mai tallafar ƙafa su suka fi samun sauƙin zafi. Darasin shi ne, abin da ke raya lafiyayyar ƙafa daban, abin da ke lallashin gaɓar da ta riga ta lalace daban. Mai ciwo ya nemi shawarar likita, kada ya yi wa kansa hukunci da labarin masu lafiya.

Ba a ce a yar da takalmi ba

Kada wani ya karanta wannan ya ce an hana sa takalmi. Ƙaya da kwalba da tsohon ƙusa da kunama da maciji da zafin ƙasa na bazara duk suna nan. Tsutsar ciki mai shan jini ta fatar ƙafa ta ke shiga in an taka ƙasar da bayan gida ya ɓata, ta bar yaro da ƙarancin jini da kasala a aji. A tsaunukan Habasha da na Kamaru akwai wani irin tundurmi da ke kama masu noma ba takalmi shekara da shekaru a kan jar ƙasar dutse mai aman wuta, takalmi da wanke ƙafa su ne rigakafinsa. Mai ciwon sukari kuwa, wanda jin ƙafarsa ya ragu, bai kamata ya taka ƙasa ba takalmi ba ko a tsakar gida, domin ƙaramin rauni da bai ji ba ya kan zama gyambo.

Abebe Bikila na Habasha ya ci tseren gudun dogon zango na Olimfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi, a 1964 kuma ya sāke ci a Tokyo da takalmi, ya ma fi sauri. Ƙafar da ta horu ita ce ta yi aikin duka sau biyun.

Wanda kuwa ya saba da mai kauri ya ke so ya koma mai laushi maras tudu, sai ya yi a hankali. A 2013, a jihar Utah ta Amurka, aka sa masu gudu 19 suka koma siririn takalmi cikin mako 10, da aka ɗauki hoton ƙafarsu 10 daga cikinsu ƙashinsu ya nuna alamar wahala. A Liverpool kuwa, cikin binciken da ya fito a 2021, waɗanda suka yi wata shida suna harkarsu ta yau da kullum da irin wannan takalmi, ba gudu ba, ƙarfin yatsunsu ya ƙaru da fiye da rabi. Takalmin kusan iri ɗaya ne, gaggawa ce ta raba su. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙafar yaro, amanar malami

Ga inda maganar ta fi shafarmu mu da za mu riƙe aji. Ƙafar jariri yawancinta guringuntsi ne, ba ta gama ƙosawa sai ya kusa shekara 18. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi, takalmi kuwa ba ya tambaya ko ta wace fuska zai tanƙwara. Saboda laushin nan ne yaro ya kan sa wanda ya yi masa kaɗan bai yi kuka ba, iyaye su zaci lafiya lau.

A 1992 likitoci biyu a Indiya, Rao da Joseph, suka duba yara 2,300. Cikin masu sa takalmi wajen 9 cikin 100 tafinsu a shimfiɗe ya ke ba kwari, cikin marasa sawa wajen 3 cikin 100. Abin ya fi yawa ga masu sau-ciki, ya ragu ga masu buɗaɗɗen takalmi. A 2009 kuma aka auna yara ƙanana 858 a ƙasar Ostiriya, aka tarar wajen 7 cikin 10 takalmin fitarsu ya gajarce musu, kuma gwargwadon gajartarsa gwargwadon karkatar babban yatsa. In haka ta faru a ƙasar da ke da wadata, ina ga inda ƙane ke gadon takalmin wansa, ko a sayi guda a ce ya kai shekara uku? Sai dai a tuna, shimfiɗaɗɗen tafi ga ɗan shekara biyu ko uku ba ciwo ba ne, kwari ya kan fito da kansa yayin da yaro ke girma.

Gani ya kori ji, ga gwajin da kowane malami zai iya yi a aji da takarda da fensir da almakashi. Yaro ya tsaya a kan takarda ba takalmi, nauyinsa duka a ƙafa, ɗan'uwansa ya zagaye ƙafar da fensir. A yanke hoton a zura cikin takalminsa. In takardar ta shiga ta kwanta sumul, takalmin ya yi. In gefenta ya naɗe, haka ƙafar ke naɗewa tun safe har a tashi. Darasin kiwon lafiya ke nan da na awo a zama guda, yaro kuma ya kai takardar gida iyayensa su gani da idonsu.

Wajen saye kuma ga abin kiyayewa. A gwada da yamma, domin ƙafa ta kan ɗan kumbura in an wuni a kanta. A gwada a tsaye, duka biyun, gama sau da yawa ɗaya ta fi ɗaya. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsa mafi tsawo da bakin takalmi. Bakin ya zama mai faɗi har yatsu su iya motsi. A lanƙwasa shi da hannu a ga ya karye daidai gindin yatsu. Dunduniya ta zama ƙasa ƙasa. Ya kasance da igiya ko maɗauri mai riƙe ƙafa, domin silifa maras riƙon baya ta kan sa yatsu su yi ta ƙanƙamewa don kada ta fice, ba ta dace da doguwar tafiya ba. Na ƙananan yara a riƙa dubawa bayan kowane wata uku ko huɗu. Inda fili ya ke da tsabta, ba kwalba ba ƙazanta, a bar yara su tuɓe su yi wasa, ƙafarsu ta sami horo.

Wanda ya ke da baduku kusa da shi yana da sa'a, domin baduku ya kan auna ƙafar mai ita kafin ya sa wuƙa a fata. Mai sayen na kanti kuwa shi zai yi wa kansa wannan awo. Takalmin biki in an sa na sa'a biyu an tuɓe ba zai rushe gwiwa ba, wanda a ke wuni da shi kullum shi ne abin bincike. Ina roƙon kowane ɗayanmu, kafin ya fita koyarwa ta gwaji, ya fara auna tasa ƙafar a takarda, sa'an nan ya auna ta almajiransa. Iyakar abin da ya samu ke nan a wannan karo.